Kawu da Ɗaki na Bakwai

Allah da ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na Magariya, bayan jinyar kwana tara. Wurinsa muka fito, can kuma kowa zai koma. An yi masa sutura bayan azahar. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma na yi shekara takwas ina aiki a ƙarƙashinsa, saboda haka ni aka sa shimfiɗa tabarmi da nuna wa baƙi wurin zama. Mai wannan aiki yana jin abin da kowa ke faɗa.

Tsofaffin abokan aikinsa sun zo daga Damagaram a mota ɗaya. Ɗayansu ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ke wanke hannu kafin ya taɓa inji ba sai Kawu. Suka yi ƴar dariya, suka tuna inda suke, suka daina. Matan unguwa sun fi ambaton yadda yake karanta musu takardar magani ba ya ƙosawa. Mai gadin bironmu, wato ofishinmu, wanda shi ma tsoho ne, ya zauna can gefe a kan dutse, aka yi aka yi ya hau tabarma ya ƙi. Mahaifiyata ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da take ta maimaitawa kawai shi ne, “Shi ya yi ta goyona.”

Ardon makiyayan gefen Kwaya ya zo a rana ta biyu. Kakarmu Babarbariya ce, don haka shi da Kawu ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya tuɓe takalmi, ya yi addu'a, sannan ya ce, “Babarbaren nan ya tafi bai nemi izinin ubangidansa ba.”

Shugaban ƙungiyar da muke yi wa aiki shi ya fi kowa tsawaitawa. Ya ce, “Mutum ne mai amana. Shekara goma sha biyar ko takarda ɗaya ba ta ɓata a wurinsa ba, sai can ƙarshe da ido ya raunana, tsufa ya zo, muryoyin tsofaffin nan da ya ɗauka suka salwanta a hannunsa. Wannan kuwa ba abin zargi ba ne, kowa zai tsufa.” Jama'a suka ce haka ne, Allah ya yafe masa. Ina tsaye da buta a hannu. Na ce amin tare da su.

Wannan amin ita ta sa nake rubutun nan. Ba a hannunsa muryoyin suka salwanta ba. Ni na goge su. Na shekara biyu ina jin ana ɗora masa, yana raye ban buɗe baki ba, ya mutu kuma na taya su roƙa masa gafarar laifina. Ba na so sunansa ya tafi da wannan tabo. Zan faɗi yadda yake, in faɗi abin da na yi.

Karatuna bai yi nisa ba. Sau biyu na zauna jarabawar birbe, ta gama ƙaramar sakandare, ban samu ba, na koma kasuwa ina gyaran salula, wato wayar hannu. Ina da mata da ƴaƴa biyu lokacin da Kawu ya tsaya a rumfata wata rana. Bai kawo gyara ba. Ya tsaya yana kallon yadda nake jera ƙananan kusoshin salula a kan murfin gwangwani, kowace a inda ta fito. Ya ce, “Wa ya koya maka jera su haka?” Na ce ba kowa, tsoron ɓata nake. Ya ce, “Tsoron nake nema. Ka zo biro ranar Litinin.”

Shi ya yi karatun injuna tun suna cika ɗaki, ya yi wa gwamnati aiki a Yamai da Damagaram, da ya ajiye aikin ya dawo gida. Wata ƙungiyar manoma da makiyaya mai rassa daga Magariya har Dungas ta ɗauke shi ya kula mata da na'urorinta. A bayan biron akwai wani ɗan ɗaki marar taga, a ciki akwai babban inji guda, sarba, yana gurnani dare da rana. Ranar farko ya tsayar da ni a gabansa.

“Gida ɗaya ne,” in ji shi, “amma na yanka shi ɗaki bakwai. Kowane ɗaki zato yake shi ne gidan duka. Yana da ƙofarsa da makullinsa, bai san da maƙwabcinsa ba. In ɗaya ya rushe, sauran ba su ji ba. A takarda sunansu mashin birtuwel. In ka faɗi haka a gaban shugaba zai ɗauka sunan allura ne, don haka ka ce ɗaki.”

Wani ɗakin shi ke tura wa manoma saƙon ruwa da na fara a salula. Wani yana riƙe da rajistar rigakafin dabbobi. Wani na shirye-shiryen da ƙungiyar ke kai wa gidan rediyo ne. Shida suna aiki kullum. Na bakwai a kashe yake, launinsa toka-toka a kan allo, Kawu kuma yana ce masa Gaiwa, saboda kamar kifin nan yake: ya kwanta cikin laka duk rani, sai ruwa ya sauka ya motsa.

Abin da ke cikin Gaiwa aikin ƙafar Kawu ne. Shekara da shekaru yana bin tsofaffin ƙauyuka, manoma da makiyaya, su taka burtali tare, wato hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki. Tsoho na tafe yana cewa daga wannan gawo zuwa waccan tsamiya, nan ubana ya tsaya, nan shanu ke karkata su sauka tabki. Kawu na ɗaukar muryarsa, wata ƴar na'ura kuma tana rubuta daidai wurin da aka tsaya. Mutum ashirin da uku ya ɗauka. Da damina ta faɗi aka fara gardamar wa ya ci hanya, sai ya ta da Gaiwa, ya kwafi abin da ake bukata a ƙaramar ordinata, wato kwamfuta, a je gaban mai gari a kunna. Ba hukunci ba ne. Amma da wuya mutum ya ƙaryata muryar kakansa a gaban jama'a. Tsarin da ke haɗa muryar da taswira tsoho ne, masu shi sun daina kula da shi, shi ya sa Kawu ba ya barinsa a kunne in ba da dalili ba.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. In ya shigo da safe ba ya gaida kowa sai ya karanta jurnal, wato rubutun da inji ke yi da kansa na duk abin da aka taɓa a cikinsa, da wanda ya taɓa, da lokacin. Ma'aikatan biro suna cewa inji yake fara gaisarwa kafin mutane, kuma gaskiyarsu ce. Ya taɓa yin wata guda ba ya magana da sakatare don ya ɗora kofin shayi a kan batir. Ba ya cewa aiki ya yi. In ka ce masa ka gama, sai ya ce, “Mu gani.”

Babbar al'adarsa ta ranar Alhamis ce. Akwai diski biyu na ajiya, ɗaya a biro ɗaya a gida. Ranar Alhamis zai zo da na gida a aljihun rigarsa, naɗe cikin ƙyalle. Kafin ya sabunta shi, sai ya buɗe shi ya ƙirga ɗakunan da yatsa, ya ƙirga na cikin sarba, bakwai da bakwai. Sannan ya leƙa waje.

“Mai gadi, yau wa za mu tayar?”

“Na rigakafi, Malam.”

“Makon jiya ma shi ka ce. Kana da saniya ne a ɓoye?”

“To na rediyo. In ji waƙa.”

Duk wanda mai gadi ya zaɓa, Kawu zai fito da shi daga ajiya, ya kunna shi a gefe, ya buɗe wani abu a ciki ya karanta ko ya saurara. Sai bayan haka yake sa inji ya mai da diskin daidai da abin da ke cikin sarba, ya bar shi a biro, ya naɗe ɗayan ya kai gida. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ke sa shi cikin kwanon sha na uku a jerenta. Na taɓa ce masa inji ai yana rubuta cewa ajiya ta yi kyau. Ya ce, “Shi ya yi aikin, shi ya yabi kansa. Ajiyar da ban fito da ita na gani ba, ban san ina da ita ba.”

Shi ya matsa mini in nemi satifika. Ƙungiyar ta fara maganar kilawud, wato a daina riƙe komai a injin gida, a kama haya a manyan injunan wani kamfani da ke wata ƙasa, a riƙa shiga ta rezo, wato intanet. Kawu ya ce nasa takardun sun tsufa, ba zai sake zama jarabawa da wannan ido ba, ni zan yi. Na ce mutumin da birbe ta kayar sau biyu? Ya ce birbe ba ta tambaye ni abin da na iya ba. Wata bakwai muna zama kowace safiya kafin ma'aikata su zo, yana karanto tambaya yana fassara mini kalmomin da suka fi ƙarfina. In na ba da amsa daidai sai ya ce, “Don me?” In na kasa faɗin dalili, bai karɓa ba.

Jarabawar a biro na yi ta, ta rezo. Akwai mai tsaro can wata ƙasa yana kallona ta idon ordinata, kuma sharaɗin shi ne in aka ji muryar wani ko aka ga inuwar mutum, an soke. Kawu ya kwashe duk takardun da ke bango, ya ɗauki kujera ya zauna a bakin ƙofa ta waje, cikin ranar bazara, da sandarsa a kan cinya. Awa biyu. Ya kori mai tallan goro, ya kori akuya, ya tare shugaban ƙungiya da kansa.

“Malam, birona ne fa,” in ji shugaba.

“Bayan azahar naka ne.”

Da na fito na ce masa na ci, bai rungume ni ba. Ya ce, “Mu gani.” Na nuna masa allo. Ya matso da fuskarsa har hancinsa na kusa taɓawa, ya karanta sunana a hankali. Daga ranar yake kirana Mai Satifika, wani lokaci da daɗi, wani lokaci ba da daɗi ba.

Takardar nan ta shiga kaina. Ina faɗin wannan ba don in rage laifi ba. Mutumin da aka saba kira mai gyaran salula, yau ana tambayarsa ra'ayi a taron kwamiti. Kawu bai ƙi kilawud ba, kamar yadda wasu ke cewa yanzu. Ya san zafin ɗakin nan da yankewar kuran, wato wutar lantarki, za su kashe sarba wata rana. Abin da ya ce shi ne a kwashe ɗaki ɗaya, a gwada shi wata guda, sannan a taɓa na biyu, kuma kada a goge komai a tsohon inji sai an ga damina ɗaya ta wuce. Ni na ce sati biyu sun isa. A gaban kwamiti na ce zamanin yawo da diski a aljihun riga ya wuce. Wasu suka yi dariya.

Kawu ya dube ni ya ce, “Mai Satifika, gidan haya ne a garin da ba ka taɓa zuwa ba. Gida ne mai kyau, ya fi namu. Amma mai gidan ba zai zo ya ƙirga maka kayanka ranar tashi ba.”

Kwamiti ya bi bayana, don sati biyu ya fi daɗin ji. Kawu bai yi mini magana ba kwana uku, sai abin da ya shafi aiki. Ana cikin haka lokacin aikin idonsa ya zo. Yanar ido ta rufe masa ɗaya, ta fara cin ɗayan. Ya tafi Damagaram ya sauka wurin ɗansa, likita ya riƙe shi can kusan wata guda. Da zai shiga mota ya miƙa mini makullin ɗakin sarba ya ce, “Alhamis.” Na ce na sani.

Na kwashe ɗakuna shida cikin kwana tara, kuma sun tashi lafiya a sabon wuri. Saura Gaiwa. Tsarinta ya tsufa, ba ta shiga kilawud sai da wahalar da za ta ci mini sati. Ina kuma shirin satifika ta biyu, ina bukatar wuri a sarba in gina ɗakunan gwaji. A darasinmu an ce ɗakin da ya yi wata uku a kashe, a duba ko na gogewa ne. Gaiwa ta yi wata biyar. Darasin ya ƙara da cewa a tambayi mai ɗakin tukuna. Na san wannan layi, har tambaya ta fito a kansa a jarabawa na ci. A cikin ɗakin rediyo na ga wata jakar fayiloli an rubuta mata “burtali”. Na ce wa kaina ai Kawu ya riga ya kwafe muryoyin nan, Gaiwa kwanso ce kawai. Ban buɗe jakar ba. Buɗe ta ba zai ci minti ɗaya ba. Kiran Kawu ba zai ci minti biyu ba, amma ban so ya ce “mu gani” ba. Inji ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Da a nan abin ya tsaya, da an gyara, don Gaiwa na nan a diski biyu. Alhamis ta zo. Na je gida, Inna ta fito da diski daga kwano, ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ka riƙe masa al'adarsa.” Na kawo shi biro. Ban ƙirga ba, ban kira mai gadi ba. Na sa inji ya mai da shi daidai da sarba, ya kuwa mai da shi daidai: abin da babu a sarba ya cire shi daga diski. Alhamis ta gaba na yi wa ɗayan haka. Na ɗauki diski a aljihu, naɗe cikin ƙyallensa, na bi ta kasuwa mutane na gani. Ɓangaren al'adar da ake gani ban fasa ko sau ɗaya ba. Da Kawu ya kira ya tambaya, na ce komai ya koma, komai an gwada.

Ya dawo ido ya buɗe, yana karanta rubutun kwalin shayi daga nesa yana dariya. Likita ya hana shi kallon allo na wasu kwanaki, don haka bai shigo biro ba sai ranar da Ardo ya zo, kwana biyu bayan ruwan shuka. Wani manomi a gefen Kwaya ya shuka gero a kan inda burtali ke sauka tabki. Ya ce gonar ubansa ce, wataƙila kuma haka ya taso ya ji. Tsohon da ya taka wurin da Kawu, wanda baffan manomin ne, ya rasu shekara uku kafin nan.

“Tashi ka ta da kifinka, bawana,” in ji Ardo. “Shanuna na jin ƙishi.”

“Bafillace da gaggawa. Zauna a ba ka ruwa, ko shi ma sai na saniya?”

Muka shiga ɗakin sarba mu biyu. Ya duba allo, ya ƙirga da yatsa. Ya sa diskin biro, ya ƙirga. Ya aiki mai gadi gida ya karɓo ɗayan, ya ƙirga. Na ce da sauri ai akwai jaka a ɗakin rediyo. Ya buɗe ta. Shirin rediyo ne na minti goma sha biyar da aka taɓa yi a kan aikin, yawancinsa jawabin shugaba. Sai ya buɗe jurnal. Ina tsaye a bayansa, ina ganin abin da yake gani: rana, da lokaci, da sunan da aka shiga da shi. Da sabon idonsa ya karanta, ko tabarau bai sa ba. Ya daɗe a kan layin. Ya duba wurin da Gaiwa take a da, ya ga ɗakunan gwajina sun hau kai sun cike shi. Ya rufe, ya fita.

Ya ce wa Ardo, “Babu su. Amanar a hannuna take, ta ɓata.”

Ardo ya ce, “Duka?”

“Duka.”

Haka ya faɗa wa kwamiti ma. Ya ƙara da cewa shi ya gina ajiyar da ke kwaikwayon kuskure maimakon ta tsare shi, kuma wannan gaskiya ne, ya gyara tsarin a satin. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Mutane ne suka cike sauran da kansu: ido, tsufa, mantuwa. Ina zaune a taron. Shugaba ya ce Allah ya sa akwai matashi mai takarda a kusa, da sauran shidan ma sun bi. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka kunya ce ta yabo.

Da aka watse Kawu ya ce mini, “Gobe ka zo da moto. Ka cika shi da mai.”

Damina biyu da rani ɗaya muna yawo. Ni ke tuƙa babur ɗin, shi yana baya da na'urar ɗaukar murya a jaka, gwiwoyinsa na ciwo a kowane rami. Waca, Kwaya, ƙauyukan bayan Sassumbrum inda sai mun bar moto mu taka. Cikin ashirin da ukun nan, tara sun rasu. Waɗanda ke raye wasu ba sa iya tafiya, sai a ɗora su a amalanken jaki a bi burtali da su. Wani tsoho a Waca ya ce masa, “Malam, ba na gaya maka wannan tun ina da haƙora ba?” Kawu ya ce, “Ka gaya mini. Na zubar. Sake ba ni.” Ya faɗi wannan kalma, na zubar, a ƙofar gida fiye da goma, ina riƙe da moto ina ji.

Sau ɗaya na kusa. Tayarmu ta fashe a Waca, muna zaune a inuwa ana liƙe ta. Na ce, “Kawu, maganar Gaiwa.” Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, ya ajiye butar da ke hannunsa. Ya jira. Na ga yana jira. Sai na ji bakina na cewa, “Na ji akwai masu iya dawo da abin da aka goge, a Kano.” Ya ɗan ƙara kallona, sannan ya ɗauki butarsa. Ya ce, “Ba bayan an yi gini a kai ba.” Bai sake ba ni irin wannan dama ba, ni ma ban nema ba. Bai canza mini fuska ba. Abu ɗaya ne ya sauya: ranar Alhamis ni yake sa in ƙirga, da ƙarfi, yana tsaye.

Mashigar tabkin Kwaya ba ta dawo ba. Ba a sami wanda zai yi shaida a kanta ba. Shanun Ardo suna zagayawa ta bayan gonaki, tafiyar da ke cin rabin yini, kuma a bazarar da ta wuce ya rasa maruƙa a hanyar. Wannan ma yana cikin abin da na goge.

Ranar sadakar bakwai na sami Inna a ɗakinta na faɗa mata. Tana cikin takaba, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ni ba ni aka yi wa ba. Waɗanda ka ce amin a gabansu suna waje.” Na fita. Shugaba na nan, mai gadi na kan dutsensa, Ardo ya dawo. Na durƙusa a bakin tabarma na faɗi abin da na rubuta a nan, a gajarce. Shugaba ya ce za a yi maganar a biro. An yi ta. Makullin ɗakin sarba yanzu yana hannun mai gadi, sai na roƙa.

Da mutane suka ragu Ardo ya kira ni da hannu.

“Ɗan bawana, kana tsammani ban sani ba?”

Na ce, “Kawu ya gaya muku, Baba Ardo?”

“Shi? Ko da wuƙa. Ni ban san injinku ba. Amma mutumin da ke kwance a Damagaram da ƙyalle a ido ba shi ke ɓatar da kaya a Magariya ba. Wa ya bar wa garken? Shi ake tambaya. Na so in yi magana a lokacin, ya ce in bar ka, za ka kawo kanka. Na ce yaushe? Ya ce mu gani.”

Na ce ya yafe mini.

“Wanda ya ɗauki kayanka shekara biyu ya tafi, shi za ka roƙa wa Allah. Ni hanya nake nema.” Ya gyara zaman sandarsa. “Akwai wata tsohuwa, ƙanwar marigayin da ya yi shaidar farko. Tun tana yarinya aka kai ta aure bayan Dungas. Ita ke kai wa ubansu fura a gonar nan, ta san inda gero ke tsayawa. Bana na ji tana raye. Na gaya wa kawunka, ya ce bayan ya tashi daga wannan ciwo.”

Na ce zan je.

“Yaushe?”

Na ce jibi. Sai na tuna jibi Alhamis. Na ce masa sai dai bayan hantsi, akwai abin da zan ƙirga tukuna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa abin da ya rufa mini ya zame masa sutura a ranar da ba a ɓoye komai. Duk wanda ya ji an ce tsufa ya sa ya zubar da amana, ya gyara maganar, ya ce ɗan ƙanwarsa ne.

Mun iske tsohuwar. Ba ta gani, amma da Ardo ya ambaci tabkin sai ta ce a kawo amalanke. Kafin mu bar wurin na mai da muryarta baya na saurara daga farko har ƙarshe, tana zaune tana jin kanta tana dariya. Ta ce, “Ba ka yarda da abin naka ba ne, ɗan nan?” Na ce a'a, Iya, da kaina ne ban yarda ba.